Kwamfutar Ɗakin Wankin Ƙoda

A bencin jira na ɗakin wankin ƙoda Malama ta ji maganar: wai ƙananan kwamfutocin nan masu furosesa mai ƙwaƙwalwa biyu asara ce, batirinsu ba ya kai rabin zaman wankin, sai dai a sayi babba. Kowa ya yarda, amma da ta bi ba'asi, ba wanda ya taɓa gwadawa. Ita kuwa kimiyya ta koyar har ta yi ritaya, ba ta karɓar "an ce".

Mijinta ne ya ce ya gaji. Kwanciyar nan yana kallon silin, inji na juya jininsa, ta fi masa ciwon zafi, kuma ya rantse zuwan gobe ne na ƙarshe. Soket ɗin ɗakin duk na injina ne, rubutun waya kuma ya yi wa idonsa ƙanƙanta.

Don ta samo masa abin kallo, ta sami wani mai shago ta ce ya ajiye mata kwamfutoci biyu masu araha a kan tebur.

"Wannan ta fi gudu, Mama, dubi lambarta. Waccan sanyin jiki gare ta."

"Ɗana, mai ita a kwance yake. Ina zai je da gudu?"

Ta kara tafin hannu a ƙasan kowace. Mai gudun har ta ɗau ɗumi, fankarta na huci. Ɗayar ko fanka ba ta da ita. Ta ce zai ba ta aron duka biyun zuwa gobe, ta sayi ɗaya. Ya ce ba a yin haka. Ta ja kujera ta zauna tana yi wa masu shigowa bayanin batir, har ya ga ba sarki sai Allah, ya sa mata su a jaka.

Washegari ta cika su da caji, ta daidaita haskensu, ta zuba wa kowace tsofaffin wasannin ƙwallo iri ɗaya.

"Na san wanda ya ci ai," in ji mijin.

"To ka yi shiru, kada ka ɓata wa maƙwabcinka."

Ya zaɓi mai babbar lamba. Ɗayar ta ɗora ta a cinyar tsohon direban da ke gadon kusa, wanda ba su taɓa wuce gaisuwa ba. Ta mijin ta buɗe nan take. Ta direban sai da ta yi miƙa tukuna, mijin yana yi masa dariya.

Ana tsakiyar wasa na biyu allon mijin ya yi baƙi. Ya mayar da ido silin. Malama ta riƙe yatsunsa na hannun da ba allura.

"Yaya, juyo nan," in ji direban, ya karkato tasa. "Wannan golan naku barci yake?"

"Golan wa? Kai dai tuƙi ka sani."

Suna cikin musu nas ta zo cire allura. Mijin ya ɗaga mata hannu ta dakata a yi bugun kusurwa. Da aka gama ya ce wa direban, "Jibi za ka ga yadda muka rama."

Malama ta duba allon. Mai sanyin jikin, wadda ta fi araha, ta kai ƙarshen zaman da sauran caji.