Tulun Kaka Ginka

Ƙodar Baba aka dasa wa ƙanwata Tsveti. Shekararta tara. Shi kuwa tunda ya farfaɗo daga tiyata bai rufe baki ba, sai ka ce shi ya ƙera ƙodar da hannunsa.

Tunda na gama sakandare ba na aikin komai, shi ya sa ni aka ajiye a asibitin, a birnin Sofiya. Ina tura Baba a keken marasa lafiya zuwa ɓangaren yara, in mayar da shi. In na gaji sai in kalli bango.

Kakarmu Ginka, wadda ta haifi Baba, ta zo daga ƙauye da ɗan tulunta na tagulla. A gidanmu ba mai fita jarrabawa ko doguwar tafiya ba a sheƙa ruwa a gabansa ba, don lamarin ya gudana kamar ruwan. Ni ma an sheƙa min. Na faɗi lissafi.

Ranar da aka fara tsayar da Tsveti a kan ƙafafunta, Kaka ta watsa ruwa a bakin ƙofa. Wata nas ta taka, ta zame, ta tafi da tiren magani har bango. Aka kafa doka: kada a sake ganin ko ɗigo a ɗakin.

"To," in ji Kaka. Na san wannan to ɗin.

Da safe Dakta Manolova, wadda ta yi aikin, ta ɗaga bargon Tsveti. Zanin gado sharkaf, bandeji ma ya jiƙe. Fuskarta ta canza.

"Inda muka ɗinke bututun sabuwar ƙodar da mafitsara yakan yi yoyo wani lokaci," ta ce. "In shi ne, yau za mu sake buɗe ta."

Tsveti ta kama min riga. "Yaya, kar ka bari su ƙara yanka ni."

Na riƙe hannunta.

"Yoyo?" Baba ya doki hannun keke. "Ƙodata? Haba likita! Tun ina saurayi take tace barasar da surukina ke dafawa a rumfa, ko sau ɗaya ba ta yi yoyo ba."

"Ba ƙodar nake nufi ba, ɗinkin."

"To ɗinkin ai naki ne!"

"Rufe mana baki, Zhelyo," in ji Kaka. "Kai da ka yi ta jiƙa min katifa har ka shiga makaranta."

Aka gungura Tsveti ɗakin hoto. Na rasa abin yi da hannuwana, sai na hau yaye zanin gadon. Wani abu kore ya manne a jiki. Ganyen furen nan ne mai ƙamshi da Kaka ke jefawa cikin tulu.

Na ɗaga shi. Kaka ta hau gyaran ɗankwali.

"Kaka."

"Me? Yarinyar ba ta tafiya, a kwance take. Ina zan zuba in ba a gadon ba? Ɗan kaɗan ne ma, tana barci."

"Yanka ta za su yi saboda ke."

"Kai tafi can, mai faɗuwa lissafi."

Na kwasa da gudu, ganyen a hannuna. A ƙofar ɗakin hoto na ci karo da likitar tana fitowa. Na miƙa mata. Ta dube shi, ta shinshina, ta rufe ido.

"Tsohuwar?"

"Ita."

"Uwata ma ta sheƙa min ranar jarrabawar likitanci. Amma a tsakar gida." Ta ja numfashi. "Ɗinkin lafiya lau. Sai dai hoton ya nuna wani ruwa daban ya taru a gefen ƙodar, ya fara danne bututun. Yanzu allura ta isa ta zuƙe shi. Da mun jira ya nuna kansa, da sai wuƙa."

Na zauna a ƙasa.

Da labari ya kai ɗaki, Baba ya ce dama ya faɗa. Kaka kuwa ta je famfo ta cika tulu.

Da za a wuce da Tsveti wurin allurar, ta leƙo daga kan gadon. "Kaka, ba za ki zuba min ba?"

Kaka ta dubi ƙasa, ta dubi gadon. Duk an hana. Baba ne kawai a gaban Tsveti, ya tare ƙofa da kekensa yana yi wa wani bayanin ƙodarsa. Ta juye masa tulun a cinya.

Tsveti ta yi ta dariya tana dafe ɗinki har suka sha kwana.

Sai ga nas ɗin nan mai tire. Ta dubi wandon Baba, ta danna ƙararrawa.

"Wannan ma yana yoyo. A kira likita."

"Ƙodata," in ji Baba, "tun ina saurayi..."

Na tura shi.