Lungun da Tomasa Ta Ɓoye

Ƙarar katafila Tomasa Angulo ta fara ji, tun kafin kwalekwalenta ya sha kwanar rafin. Ruwan teku ya janye da hantsi, laka ta bayyana, ita kuma ta taho kamar kullum tonon koncha, wani irin dodon koɗi mai ɓawo biyu da ake ci, da kwandonta da ɓawon kwakwa mai hayaƙi na korar sauro. Tana shan kwanar sai ta ga sararin sama. Shekara arba'in tana shiga wannan lungu ba ta taɓa ganin sama a cikinsa ba, don bishiyoyin mangle masu tsirowa a lakar bakin teku sun haɗe kai sun rufe ta. Yau kusan ashirin suna kwance, saiwoyinsu a miƙe.

Ta zagi direban katafilar har muryarta ta dushe, bai ko waiwayo ba. Wani maigadi da bindiga a kafaɗa ya tako kan ganuwar ƙasar da suka fara tarawa. Cikin ladabin da ya fi zagi ciwo ya gaya mata maigidansa Don Evaristo zai ƙara tafkin jatan lande biyu a nan, kuma takardunsa cikakku ne.

"Dajin nan na ƙungiyarmu ne," in ji Tomasa. "Gwamnati ta damƙa mana shi."

"Ba ya cikin taswirarku, Doña. Je ki duba."

Ba sai ta duba ba. Ta san dalili.

Bara wata injiniya mai suna Maritza ta zo daga Quito da dogon bututun ƙarfe. Takan soka shi cikin laka, ta zaro baƙar ƙasa, ta auna. Ta ce wannan laka cike take da kabon, abin da ke ɗumama duniya, wanda bishiyoyin suka daɗe suna haɗiyewa suna binnewa a gindinsu. Da zarar an haƙa tafki, sai ya koma iska. Duk inda ta auna zai shiga taswira, doka ta kare shi. Ƙungiyar mata masu tonon koncha ta zaɓi Tomasa ta yi mata jagora, tunda babu wadda ta kai ta sanin rafukan.

Kwana tara suka yi. Duk lokacin da suka zo ƙaramin bakin lungun nan, sai Tomasa ta karkata filafili ta ce babu komai a can sai yashi. Ba ta ɗauke shi ƙarya ba. Uwarta ce ta nuna mata wurin tana 'yar shekara tara, ta ce ko mijinta kada ya sani. Kowace mai tono a gaɓar Muisne tana da irin nata. Mace za ta ba ki aron tukunyarta, ta shayar da jaririnki, ta wanke gawar uwarki, amma ba za ta gaya miki inda take tono ba.

Kai tsaye ta wuce gidan Hermelinda, shugabar ƙungiya, wadda ta riƙe mata ɗa a ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre. Ta same ta tana gurza kwakwa. Hermelinda ta saurara har ƙarshe, sannan ta ajiye abin gurzar.

"Ashe kina da lungu, comadre. Mu da muke cewa Allah ne yake cika miki kwando don kina yawan zuwa coci."

"Ke ba ki da naki?"

"Nawa yana cikin taswira. Na rufe ido na nuna. Kwana uku ban ci abincin kirki ba, amma na nuna."

Suka kira Maritza a waya. Ta tuna wa Tomasa cewa sau uku ta tambaye ta game da wannan bakin rafi. Sannan ta ce za ta shigo motar farko. Idan ta auna lakar kafin a birkice ta, mai yiwuwa alƙali ya tsayar da aikin. Amma sai an tare katafilar, kuma mace ɗaya ba ta tare katafila. Sai matan ƙungiya duka.

Tomasa ta wuni tana juya maganar, ranta na tafasa. Evaristo yana sare daji don baƙin da ba su san warin laka ba su ci jatan lande, su ɗin ne kuma suke turo mutane su auna lakar. Doka ba ta kare abu sai an tona shi an nuna. Uwarta ta koya mata ɓoyewa don wurin ya rayu, ga shi ɓoyewar ce ta miƙa shi ga katafila. In kuwa ta nuna, hannaye sittin za su shiga inda hannu biyu kaɗai suka sani. Ta nemi wanda za ta ɗora wa laifin duka, ko'ina ta juya sai ta tarar da rabonta a ciki, wannan ya ƙara mata fushi.

Washegari da ruwa ya janye, kwalekwale goma sha ɗaya suka bi bayanta. Ba ta kalli kowa ba lokacin da ta karkata filafili ta shiga ƙaramin bakin. Matan suka sauka cikin laka har gwiwa, suka zauna kan saiwoyin da ke gaban katafilar. Direban ya dube su, ya dubi maigadin, ya kashe inji.

Maritza ta soka bututunta. Ya nutse duka. Ta ɗaura wani a kai, shi ma ya nutse bai taɓa tsandauri ba. A kwana tara na bara ba ta ga laka mai zurfin wannan ba. Ta ɗago ta kalli Tomasa, ta ci gaba da rubutu.

Sai Tomasa ta ji ana dariya a bayanta. Hermelinda ce. Hannunta ya saba, tana zaune ya lalubi gindin saiwa da kansa, ya fito da koncha mai cika tafi.

"Muguwa," in ji ta. "Shekara arba'in muna tono 'yan mitsi-mitsi, ke kina zaune a kan wannan."

Kafin ta rufe baki rabin matan sun duƙa. Laka tana tsotson hannaye, kwanduna suna ƙara. Tomasa ta tsaya tana kallo. Sai ta ga wata ta jefa ƙaramar koncha a kwando. Ta taka ta fizge ta, ta cusa ta cikin laka har gwiwar hannu.

"Ƙananan a mayar su girma," ta ce. "Wadda na sake gani da ƙarama, ni da ita ne, ba ni da Evaristo ba."

Ta koma ta zauna kan saiwar da ta fi kusa da haƙoran katafilar, amma matan ta fuskanta.