Kafaɗar Ragab

Shehata ya sayi kaset ɗin fim ɗin da ɗansa Ragab ya fito a ciki, ya kai wa matarsa gida a unguwar Imbaba.

Fim ne na ɗaukar fansa. An kashe wa wani mutum ƙane, shi kuma ya bi makasan ɗaya bayan ɗaya. Ragab yana cikin yaran mugun. Sau ɗaya ya fito: ya buɗe ƙofar sito, ya ce, "Maigida ba ya nan," aka harbe shi. Shehata ya gani da idonsa a silima, shi da Ragab ɗin, kafin yaron ya tafi Iraƙi neman aiki. Daga can aka dawo da shi cikin akwatin gawa. Uwarsa Nabawiyya ba ta taɓa shiga silima ba. Yanzu ciwon suga ya cinye mata idon dama, na hagun ma yana binsa. Abu ɗaya take roƙo: ta ga ɗanta yana motsi kafin duhun ya rufe.

Shehata ya aro bidiyo wajen maƙwabci. Ta jawo kujera har gwiwarta ta taɓa teburin talabijin.

Hoton ya fito dishi-dishi, kamar ana kallo ta cikin ruwan wanki. Zane-zane suna ta zubowa daga sama. Tambarin kamfanin da ya buga kaset ɗin, wani jan shaho, yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa. Da aka zo wurin sito, Shehata ya dafa ta.

"Ga shi nan, Ummu Ragab. Duba."

Ƙofa ta buɗe. Jarumin ya cika allon da fuskarsa. A gefen hagu akwai kafaɗa ɗaya da rabin hannu. Wani gurnani ya taso ƙarƙashin kiɗa, bindiga ta tashi, kafaɗar ta ɓace.

"Ina yake?" in ji ta.

Ya mayar da kaset baya. Kafaɗa. Ya sake mayarwa, ya ƙure murya har gilashin taga ya yi rawa. Gurnani kawai.

"Ai ka ce ya yi magana."

"Ya yi. Na ji shi da kunnena."

Ta sa tafin hannu a gefen allon, wurin da kafaɗar take.

Da safe ya hau bas zuwa tsakiyar gari. Kamfanin yana saman wani shagon takalma. Aka nuna masa ɗakin ƙarshe, inda wani mai tumbi, ƙwararren ma'aikacinsu da ake kira Usta Milad, yake zaune tsakanin injinan kwafi yana cin burodi da wake.

"Kun yanke mini ɗa," in ji Shehata.

"Allah ya kiyaye, Alhaji. Mahauta suna kasuwa, nan bidiyo ne. Ɗanka ne jarumin? Faɗa mini in miƙe tsaye."

"Shi ne mai buɗe ƙofar sito."

Milad ya fara dariya. Ya dubi fuskar tsohon, ya daina. Ya goge hannu, ya tura masa kujera, ya ƙwala wa mai shayi kira. Shehata bai zauna ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi, a tsaye.

"Ka ga, Alhaji, allon silima bango ne, talabijin taga. Bango ba ya shiga taga sai an yanke gefe. Mu kuwa jarumi muke bi. Shi aka biya kuɗi a gani."

"Muryar fa?"

"Naɗin fim ɗin da aka ba mu muka kwafa ya zaga silimun ƙauye kaf kafin ya zo nan. Jarumin ma kamar daga cikin rijiya yake magana. Ka ji wani ya kawo ƙara?"

"To ka sake ɗora naɗin. Ka matsa tagar zuwa hagu. Wurin nan kaɗai."

"Naɗin ya koma wa mai fim."

"Ina mai fim?"

"Ya sayar da komai ga wani ɗan kasuwa a ƙasar waje, ya buɗe gidan kaji."

Shehata ya dafa bango. Shekarunsa na aikin ƙira bai taɓa roƙon kowa ba, duk Imbaba ta sani. Ya kama hannun Milad zai sumbata. Milad ya fizge.

"Haba, Alhaji! Ka haife ni."

"Idonta ba zai kai Idi ba, Usta."

Milad ya daɗe yana kallon injinansa. Sannan ya sa kaset, ya tura gaba, ya tsayar a wani wuri. Wani saurayi mai gashin baki yana saukowa daga bene, cikin duhu, fuskarsa a tsakiyar allo.

"Wannan fa? Tsayinsu ɗaya?"

"Wannan ba shi ba ne."

"Na sani. Kai ka sani, ni na sani. Hajiya ido ɗaya gare ta, shi ma rabi. In yanko wannan, in liƙa gaban ƙofar sito, in ɗora murya. Ba wanda aka cuta."

Shehata ya ɗauki kaset ɗinsa ya fita. Ya kai ƙasan bene, ya tsaya a ƙofar shagon takalma yana kallon motoci. Ya dawo wajen Milad.

Milad da kansa ya yi muryar. Ya kusanto da baki ga abin magana ya ce, "Maigida ba ya nan."

"Ba haka ba. Tasa ta fi kauri."

"Maigida ba ya nan."

"Kana sauri. Shi ba ya sauri, ko gobara ake yi."

"Alhaji, da na iya wannan aikin da ba ka same ni a ɗakin nan ba."

Suka yi ta yi har shayi ya huce. A ƙarshe Shehata ya rufe ido ya saurara, ya ce ya isa. Bai yi kama ba. Amma ana jin kowace kalma.

Bayan la'asar ya sa sabon kaset. Ya ce mata kamfani sun gyara, sun ba da haƙuri. Ta gyara ɗankwali kamar mai jiran baƙo, ta matso da idon hagu kusa da gilashi.

Saurayin ya sauko daga bene. Ƙofa ta buɗe. Murya ta fito tas. Bindiga ta tashi.

Nabawiyya ta ja baya a hankali.

"Kin gan shi?" in ji Shehata. "Kin ga gashin bakin?"

"Ɗan wa ka kawo mini gida, Abu Ragab?"

"Duhu ne ya yi yawa. Hoton nasu ne ba kyau. Bari in mayar, ki duba sosai."

Ya durƙusa gaban injin, yana laluben maɓallin.

"Ummu Ragab, don Allah. Sau ɗaya. Ki ƙara dubawa."

Ta juya kujerar ta fuskanci bango.

"Ba zan duba ba," in ji ta. "Wannan ba ɗana ba ne."