Yajin Chebo da Gishirin Herlinda

Rogelio, mijin 'yata Herlinda, ya shigo gidana da safiyar jajiberin Ista da leda a hannu, yana raɓe-raɓe kamar karen da ya sha ƙwai. Kafin ya tura ledar bayan tukunyar wake na riga na ga abin da ke ciki. Yajin gasa naman fahita ne na kanti, irin mai hoton wani ƙato da gashin baki yana washe haƙora. A gidana fa, gidan Chebo Villarreal.

Ni da na fara gasa fahita tun ba ta da daraja, lokacin da mai garke yake ba mu, mu makiyaya, naman nan na ƙarƙashin haƙarƙari don ya rasa mai saye. Ban taɓa zama a aji ba. Sa ya ɗaga ni sama ya yar, maciji ya sare ni a ɗuwawu, igiya ta tafi da yatsuna biyu, ga ni nan daram. Ciwon da ya kwantar da ni a asibiti bara ya ɗauke mutanen da na girme su nesa ba kusa ba, ni kuwa na fito da ƙafata ina yi wa nas tsiya. Abu ɗaya ya maƙale a can, harshena. Tun daga lokacin, kofi da ruwan wanke kwano duk ɗaya ne a bakina. Ban gaya wa kowa ba, don babu wanda ya tambaye ni.

Herlinda ba ta iya kewaye-kewaye ba, halin uwarta marigayiya ta ɗauko. Ta shigo bayansa, ta zaunar da ni ta ce sun yi shawara, gobe Rogelio ne zai tsaya a bakin wuta, ni in zauna a inuwa in huta. Na ce hutun me, noma na yi? Sai ta tuna mini naman da na gasa ranar sunan jikana. Wai gishiri ya yi masa yawa har baƙi suka shanye duk abin da ke cikin ƙanƙara, kare ma ya sunsuna ya koma ƙarƙashin mota. Na ce karen nan dama can ba shi da tarbiyya.

A wajenmu duk wanda ke riƙe da awartakin juya nama shi ne maigida. Ranar da aka karɓe shi daga hannunka aka ba ka kujera da bargo, to sai dai yara su riƙa yi maka magana da ƙarfi kamar kurma. Na ga yadda aka yi wa abokina Anselmo. Yanzu aikinsa korar ƙuda daga kan faranti.

Na ce mata ta ba ni safiyar nan kawai. In haɗa yajina a gabanta, in bai yi ba, ni da kaina zan miƙa wa mijinta awartakin. Ta naɗe hannu ta jingina da firij. Rogelio ya ce bari ya je ya duba tayar motarsa, tayar da lafiyarta ƙalau.

Na ɗora kasko na zuba 'ya'yan komino, ƙananan ƙwayoyin nan na ƙamshi. Wannan ba ya buƙatar harshe. Da kunne ake soya shi, idan ya fara ƙaras-ƙaras ya yi duhu kamar fatar sirdi, sai a sauke kafin ya yi fushi. Na kawo busasshen barkono mai faɗi, na cire 'ya'yan, na gasa shi har ya kumbura ya yi laushi, na bar shi ya huce ya yi ƙaushi. Na jawo turmin dutsen uwar Herlinda na fara daka: komino, barkono, masoro, busasshiyar tafarnuwa, garin albasa. Ganyen oregano kuwa a tafin hannu nake murza shi, kuma ban taɓa ganin cokalin da ya kai ramin tafin hannuna gaskiya ba. Ina yi ina ba Herlinda labarin shekarar da guguwa ta ɗauke mana rufin kwano ina tsaka da gashi ban bar naman ya ƙone ba. Ta ce wancan karon da na ba da labarin, ƙofa ce kawai ta tafi.

Saura ƙananan barkonon daji, jajayen nan masu kama da ƙwayar dawa da ke fitowa a bakin shinge. Su ma ina da ma'auninsu. Na daka kaɗan na zuba, na lasa, na jira. Shiru. Na ƙara, na sake lasa. Can sai zufa ta tsattsafo mini a sanƙo, shaƙuwa ta biyo baya. Nan ne daidai, kuma nan yake tun ina saurayi. Herlinda ta dangwala da yatsa ta kai baki. Ba ta yaba ba, amma na ga girarta ta ɗaga.

Sai na jawo gwangwanin gishiri.

Na ɗebo a hannu na zuba kaɗan, na juya, na lasa. Kamar na lashi yashi. Gishiri ba ya ƙara a kasko, ba ya canza launi, ba ya sa mutum zufa. Munafuki ne. Da can ma ban taɓa auna shi ba, zubawa nake ina lasa har bakina ya ce ya isa. Hannuna ya sake komawa gwangwanin ya ɗebo, ya tsaya a sama da turmin.

"Baba," in ji Herlinda, murya ƙasa-ƙasa, "me ka ji?"

Na dube ta. Idonta a kan hannuna yake.

"Ke yarinya, wa ya gaya miki ana haɗa gishiri da yaji? Wannan aikin 'yan kanti ne, su cika takarda da gishiri don ta yi nauyi. Mu a daji, gishiri dabam yake. Mai gashi yana da mataimakinsa, shi ke barbaɗawa a kan nama."

"Haka ake yi a daji?"

"Tun kafin a haifi ubanki."

"To ai kai ne ubana, Baba."

"Shi ya sa na sani."

Ta ciji leɓe, na rasa ko dariya take dannewa ko wani abu dabam. Sannan ta buɗe mini tafin hannunta, na juye mata gishirin a ciki. Ta ce to ta karɓi aikin, amma da sharaɗi: gwangwanin zai kwana a gidanta, kuma ko wake zan dafa sai ta zo ta sa hannu. Na ce mataimaki ba ya kafa wa maigida sharaɗi. Ta ce wannan mataimakin yana kafawa.

Washegari na hura icen meskit har ya zama garwashi. Naman ya sha lemun tsami da yajina, Herlinda ta bi shi da gishiri tana tsaye a damana kamar soja. Rogelio na naɗa shi sarkin albasa da tattasai da ɗumama tortiya, gurasarmu ta masara, kuma in faɗi gaskiya yaron ya iya yanka albasa, har da hawayensa. Na juya naman, na sauke shi da sauran ruwa a jikinsa, na yanka a karkace yadda ba zai yi gardama da haƙori ba.

Anselmo aka fara miƙa wa, yana zaune cikin bargonsa. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce rabonsa da irin wannan tun matata na da rai, me na ƙara a ciki? Na ce ragewa na yi, kuma ba kowa ke da kan da zai gane ba. Na ɗauki yanka ɗaya na kai baki ina kallon jikokina suna rububi, maiƙo har gwiwar hannu. Herlinda ta matso ta tambaye ni a kunne ko ya yi.

Na ce gishirin ya ɗan yi kaɗan, amma za ta koya.