Jar Takarda a Murfin Kwandon Taki

Sau biyu ke nan masu kwasar shara na garin Reutlingen suna wuce kwandon taki na gida mai lamba goma sha huɗu ba su juye shi ba. Karon farko takarda rawaya suka liƙa a murfin, na biyu kuma ja. Rubutun jar bai da tsawo: an sami abin da bai dace ba a ciki, in aka sake za a ɗauke kwandon gaba ɗaya.

Waltraud Kienzle ta karanta shi a tsaye, tsintsiya a hannu, don makon nan ita ke da sharar matakala da tsakar gida. Ita ce bara ta bi ƙofofi shida na gidan tana lallashi, har aka yarda a nemo kwandon nan mai ruwan ƙasa, domin ɓawon dankali da ragowar abinci su koma taki maimakon a ƙona su. In aka ɗauke shi, ta san ba mai sake saurarenta.

Zuciyarta ba ta yi dogon nema ba, ta tsaya a kan Detlef Brodbeck na hawa na uku, tsohon direban jirgin ƙasa. Shi ne ya ce a taron masu gida, "Ni da na kusa zama taki da kaina, ina ruwana da inda ɓawon ayaba zai kwana?" Kuma kullum sharar tasa a ƙunshe take cikin tsohuwar jarida, an naɗe tam kamar mai ɓoye wani abu.

Kwana huɗu tana leƙensa ta tagar kicin. Ya sauko, ya ɗaga murfi, ya jefa ƙunshi, ya waiga. Waigen nan ne ya fi tsaya mata a rai. Mai gaskiya me zai waiga ya gani?

Ranar Laraba da hantsi ta sa safar hannu ta roba, ta shimfiɗa kwali a ƙasa, ta fara fito da ƙunshin jarida daga kwandon ɗaya bayan ɗaya. Nata kuwa ta ture su gefe, don ta san su: korayen jakunkuna ne masu laushi da take saye a shagon kayan lambu, tana ɗaure bakinsu da kyau.

"Barka da hantsi, Frau Kienzle," in ji wata murya a bayanta. "Zobe ne ya faɗa, ko karin kumallo ake nema?"

Brodbeck ne, da burodi a hammata.

"Wannan naka ne, Herr Brodbeck?"

"Nawa ne. Buɗe mana, ki gaishe min da kabejin jiya."

Ta buɗe. Kabeji ne, da ɓawon ƙwai, da ƙwaryar tuffa. Ta buɗe na biyu, na uku, har na bakwai. Ko murfin kwalba babu.

"Ki duba na maƙwabciyarmu Frau Haug ma," ya ce. "Matar nan ta cika shiru, ina jin mijinta ta yanka."

Bai jira amsa ba ya haye sama yana dariya. Waltraud ta mayar da komai, ranta bai kwanta ba. Ai ya ga tana leƙensa, shi ya sa ya gyara hali na mako guda. Ta yanke shawarar ta tari masu motar shara da kanta, su faɗa mata abin da suka gani da bakinsu.

Washegari ƙarfe bakwai tana bakin titi kusa da kwandon. Motar ta tsaya, wata mata mai rigar aiki ruwan lemo ta diro, ta ɗaga murfi, ta sa hannu ta ɗago koriyar jaka.

"Ga su nan dai," ta ce wa direban, ta laluba aljihu ta ciro jar takarda.

"Tsaya, tsaya! Wannan ai tawa ce. Ba leda ba ce, da masara aka yi ta. Duba, an rubuta a jiki tana ruɓewa."

"Tana ruɓewa, baiwar Allah, amma sai ta ga dama. Mu takinmu mako shida yake yi a kwashe shi, ita kuwa tana nan da ranta, sai manomi ya tsince ta a gona. Kuma masu tacewa ba sa iya bambanta ta da leda. A garin nan an hana."

Waltraud ta tambaye ta, "Wancan karon ma su ne?"

"Duk biyun."

"Don Allah kada ki liƙa. Laifina ne ni kaɗai, mutanen gidan ba ruwansu."

Matar ta dubi direban, shi kuma ya dubi agogo. Sai ta ce, "Za mu kai ƙarshen layi mu juyo. Minti goma. In na ga kore ko ɗaya, shi ke nan."

Babu lokacin komawa ɗauko safar hannu. Waltraud ta naɗe hannun riga, ta shiga yage jakunkunan tana zazzage su. Wasu sun kwana goma sha huɗu a ciki, warinsu ya sa idonta hawaye. Na can ƙasa kuwa hannunta bai kai ba.

"Matsa, kada ki faɗa ciki a ce mun saka abin da bai dace ba."

Brodbeck ne cikin silifas, da sandar lema. Ya karkata kwandon, ya riƙa saƙalo jakunkunan yana miƙo mata. Ita kuma tana karɓa ba ta dube shi ba. Suna ciro ta ƙarshe motar ta juyo. Matar ta leƙa, ta motsa sharar, ta gyaɗa kai. Ƙarfen motar ya ɗaga kwandon sama ya juye.

"To, me za a ce wa mutanen gida?" in ji Brodbeck. "Mu ce wasu 'yan iska ne daga waje?"

"A'a. Ni zan faɗa musu, ƙofa ƙofa." Ta dubi hannayenta, sannan ta dube shi. "Herr Brodbeck, na zarge ka, kuma ban kyauta ba."

"Na sani. Labulen kicin ɗinki ba shi da kauri."

Ta ja kwandon zuwa tsakar gida, ta buɗe famfo ta fara wanke shi.