Kukan Malam Mahmud a Motar Lado

Motar Lado tsohuwar Fijo ce doguwa, ta girmi rabin fasinjojin da take ɗauka. Yau Kaura Namoda zuwa Shinkafi, gobe Kaura zuwa Zurmi. Injinta lafiya lau, amma rediyonta ya haɗiye wani kaset shekara huɗu da suka wuce, ya ƙi amayo shi, ya ƙi kunna shi. Haka Lado yake tuƙi shiru, fasinja na gyangyaɗi, wani lokaci shi ma ya taya su.

Wata Laraba ya kai ta wurin Imrana, mai gyaran wutar mota a bayan tasha. Imrana ya zaro rediyon, ya ɓare wayoyi da haƙori, ya haɗa wani ɗan abu kamar akwatin ashana a baya, ya naɗe da salatif.

"Wanga shi ne bulutut," in ji Imrana. "Babu igiya. Duk abin da wayarka ta faɗi, mota za ta faɗe shi da ƙarfi."

Kwana uku Lado yana cika hanya da kiɗan kalangu, har yana buga sitiyari da yatsu.

Ranar Asabar da hantsi Malam Mahmud ya shigo gidan gaba. Malamin Islamiyya ne, kowa a Kaura ya san wa'azinsa. In ya kai kan maganar kabari muryarsa takan karye, har maza su sunkuyar da kai suna share ido. Zurmi za shi, an gayyace shi walimar saukar karatu. A baya akwai 'yan kasuwa biyar da Hajiya Hafsat mai daddawa, ta rungume kwandonta.

Ba su yi nisa ba Malam ya gyara zama.

"Direba, a wagga hanya da kowa ke tafe da addu'a a baki, kiɗa za ka sa muna?"

"Allah gafarta Malam, don kada barci ya kwashe ni ne."

"Ga abin da zai hana ka barci." Ya miƙo wayarsa. "Haɗa ta, mutane su amfana."

Lado ya gangara gefe, ya haɗa kamar yadda Imrana ya nuna masa. Muryar Malam ta cika motar, wa'azin bara ne kan cin amana. Kowa ya kasa kunne. Da ya ƙare, wayar ba ta tambayi kowa ba, ta wuce kan abin da ke biye.

Muryar Malam ce dai, amma ana jin zakara na cara da ƙarar cokali a kwano.

"Ya ku 'yan'uwa, ranar da za a sa mu cikin rami..." Sai shessheƙa ta biyo. Sai tari. "Saudat, ya kika ji wannan?"

Muryar matarsa ta amsa, da alama bakinta cike da abinci. "Malam, kukan ga bai yi ba. Kamar akuya ta shaƙe da dusa. Sake."

"In ja numfashi tukuna?"

"Ja. Kuma ka bari sai ka ce rami sannan murya ta karye. Kana saurin fashewa."

Malam Mahmud ya warci wayar. Yatsansa ya jiƙe da gumi, wayar ta ƙi buɗewa. Ya danna maɓallin gefe, sai ƙara ta ƙaru. Lado na iya miƙa hannu ya kashe rediyon. Titin babu rami ko ɗaya a wurin, amma ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kafe ido gaba, kafaɗunsa na rawa.

Aka sake kukan daga farko. Saudat ta ce, "Yawwa! Wanga ko ni ya taɓa ni. Miƙo mini yaji."

Ɗan kasuwar da ke bayan direba ne ya fara fashewa, sauran suka bi. Da ƙyar Malam ya kashe wayar ɗungurungum.

Hajiya Hafsat ta leƙo. "Allah gafarta Malam, na biyun ya fi. Amma bara a wa'azinka na yi kuka har gyalena ya jiƙe. Ashe an gwada shi a gida."

Malam ya kau da kai, ya dubi gonakin dawa ta taga. Can ya ce, "Hajiya, abin da na faɗi game da kabari, ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

"To ladan ma sai ya gyara murya kafin ya kira salla."

"Yana gyarawa, Malam. Amma ba matarsa ke ba shi maki ba."

A nan Malam kansa ya rufe baki da gefen rawani, dariya ta ci ƙarfinsa.

Da suka isa Zurmi ya sauka, ya zagayo wajen tagar direba, ya rage murya. "Lado, raba wayata da motarka."

Lado ya sosa ƙeya. Haɗawa kawai aka koya masa.

Daga ranar, in motar tana kunne a tasha Malam ya gitta kusa, sai ta cafke wayarsa daga cikin aljihu. Sau ɗaya 'yan kamasho suka ji saƙon muryar Saudat daga cikin motar, tana aika shi sayen kuka da manja. Yanzu in zai je Islamiyya, ta bayan kasuwar hatsi yake zagayawa, ko da rana ta take.