Alkyabbar Golkonda

Mulla Hibatullahi mutumin Kashan ya iso Bijafur da takarkari guda na littattafai. Ya daɗe yana koyar da ilmin taurari a fadar Golkonda, har wani malami mai zaƙin baki ya shiga tsakaninsa da Sarki, aka kore shi ko sallama babu. A hanya ya sayar da doki ya ci, ya bi da riguna. Abin shiga mutane da ya rage masa shi ne alkyabbar da Sarkin Golkonda ya taɓa yafa masa.

Akwai gurbin malami a makarantar babban masallacin Bijafur, kuma Sarkin garin ne ke bayar da shi. In bai samu ba, littattafan ne za su bi doki, kuma ya fi ƙaunarsu da ransa.

Mai masaukinsa, Hakim Burhan, likita ne ɗan garinsu. Da ya ga Mulla ya yafa alkyabbar zai tafi fada sai ya riƙe baki.

"Mulla, da wannan za ka shiga? Ai gara ka ɗauko tutar Golkonda gaba ɗaya."

Ya yi masa tayin tasa rigar. Mulla ya ce shi bai taɓa tsayawa gaban sarki da kayan aro ba. Girman kai kam Allah ya ba shi, har ya fi ilmin yawa.

A fada malamai suka yi ta jifansa da tambayoyi yana kakkaɓewa. Sarki ya ji daɗi, ya sa aka kawo sabuwar alkyabba a faranti. Saura abu ɗaya: kowa ya san ba a ɗora rigar sarki kan ta wani sarki, sai ya tuɓe tsohuwar a idon jama'a. A ƙarƙashinta kuwa taguwa ce duk faci, hannu ɗaya ma babu.

Waziri ya yi masa nuni ya tuɓe, ya sake yi masa. Mulla ya damƙe wuyan alkyabba, kunya kamar ta kashe shi.

"Ranka ya daɗe, wannan ba za ta ciru ba."

Sarki ya dube shi ya jinjina kai. Ya ce mai amana irin wannan ba a raba shi da ubangidansa, sannan ya sa aka miƙa masa ganyen taunawa, wanda ake ba baƙo in an sallame shi.

A ƙofar fada mutane suka yi ta sa masa albarka, wai yau sun ga ɗan halak. Mulla ya amsa kowace gaisuwa. Da suka sha kwana, ya tambayi Hakim wane dillalin littattafai ne a garin nan mai ɗan tsoron Allah.